Daga Adogi zuwa Mile 12: Abin da ɗan baranda ke dubawa kafin ya taya

Duk wanda ya taɓa kwana a Mile 12 ko Bodija ya san wayar asuba. Ana idar da salla, tun mai shayi bai gama hura wuta ba, za ka ga maigida ya koma gefe da waya a kunne: "Yaya kasuwa a can? Nawa ƙwarya ta kwana? Motoci nawa suka shigo?" Wani lokaci wanda ake kira yana Zaki Biyam, wani lokaci yana Namu, wani lokaci kuma yana tsaye ne a bakin titi a Adogi, garin da ke gabas da Lafiya a kan hanyar da ta bi ta Ashige da Assakio ta shiga Jihar Filato. Amsar da maigida zai samu cikin minti biyu ita za ta yanke masa ko ya saki doyar da ke hannunsa yau, ko ya riƙe ta zuwa jibi.

Wanda ake kira ɗin sau da yawa ɗan baranda ne. Ba manomi ba ne, ba shi da mota a hanya, ba shi da sito. Sana'arsa ita ce ya tari manomi da sassafe ya sayi kaya, ya sayar wa baƙon da ya zo lodi kafin la'asar, ya koma gida da kuɗinsa a aljihu. Kaya ba sa kwana a hannunsa sai dole.

Abin da ya sa na ɗauko maganarsa shi ne abin da muke gani yanzu a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Ama Hausa ta Owerri. Samarinmu da yawa, wasu ma yaran shagunanmu ne, sun shiga abin da suke kira tiredin: su sayi kirifto ko kuɗin ƙasashen waje a waya da safe, su sayar kafin dare. Masu koyar da su a Telegram da TikTok suna da kalma guda da suke ta nanatawa, wato a bi alƙiblar kasuwa. In tana hawa ka saya, in tana sauka ka sayar, shi ke nan. To, wannan sana'a ta sayi-yau-sayar-yau ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Kakanninmu sun yi ta a kara da kasuwar hatsi tun ba a san waya ba. Saboda haka ya kamata mu tambayi masu ita: wai alƙiblar nan, me take yi wa mutumin da cinikinsa ba ya wuce yini guda?

Bari mu fara da doya, tunda ita ce ta fi haɗa Adogi da mu nan Kudu.

Ɗan baranda yana tafiya ne da agogo uku a kansa. Na farko agogon shekara. Sabuwar doya tana fara leƙowa wajen Yuli zuwa Agusta, da tsadarta. Daga nan kaya su riƙa ƙaruwa, har a shiga babbar haƙa daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da kowane manomi ke da abin sayarwa kuma kowa na neman kuɗin biki, kuɗin makaranta da na biyan 'yan ƙwadago. Nan farashi ke kwanciya. Idan zafi ya shigo, aka fara shuka, doyar da ta rage a rumbu ta fara ramewa tana tsiro, sai farashi ya kama hawa har sabuwa ta sake fitowa. Wannan kowa ya sani, har yaron da ke tura baro.

Agogo na biyu shi ne na kasuwar nesa, wato mu. Me ake ciki a Legas da Anacha da Fatakwal a makon nan? Kaya sun yi yawa ne a ƙasa, ko an yi kwana biyu mota ba ta sauke ba? Hanyar Makurɗi zuwa Inugu lafiya take? Ta Lokoja fa? Na uku kuma agogon yinin kansa: manoma nawa suka fito, baƙi nawa suka iso, motoci nawa ke tsaye babu kaya. Motar da ta kwana biyu tana jiran lodi, mai ita zai ƙara kuɗi don ya cika ya tashi. Manomin da la'asar ta yi masa bai sayar ba, ga kuɗin mai babur da ya kawo shi, zai rage don kada ya koma da kaya.

Ribar ɗan baranda daga agogo na uku take fitowa. Tsakanin manomin da ya ƙosa da baƙon da ya ƙosa yake cin abincinsa. Na farko da na biyu aikinsu daban ne: su ne ke gaya masa irin hukuncin da zai sha idan ya yi kuskure.

Ga misali, kuma lissafin nawa ne don a gane, ba farashin wata rana ba ne. A ce ya sayi ƙwarya ɗaya, wato doya ɗari, a kan naira dubu 150, ya sayar dubu 158. Ya cire 'yan dako, ya cire la'ada, ya cire rasit, a ce dubu uku. Saura dubu biyar. Idan ya juya ƙwarya huɗu a yini, ya tashi da dubu 20. Madalla. Yanzu a ce wata rana baƙi ba su zo ba, ƙwarya huɗun nan suka yi masa kwantai. Idan a watan Mayu ne, kasuwa na hawa, ba ya ko damuwa. Kasuwa mai zuwa zai sayar, wataƙila ma da ƙari. Idan kuwa a Nuwamba ne, kaya na ta kwararowa daga gona, kafin kasuwa ta zagayo farashi ya iya sauka da kashi goma cikin ɗari. Dubu 60 ke nan ta tafi, ribar yini uku cur, a kuskure ɗaya.

Shi ya sa za ka ga gogaggen ɗan baranda yana canza hali da lokaci. In kasuwa na hawa, yana sayen da yawa, yana jan ciniki, yana cewa albarka ba tare da gabansa ya faɗi ba. In tana sauka, sai ya rage hannu. Ba zai taya ba sai ya riga ya san wanda zai karɓa, wani lokaci ma sai ya karɓi kafin alƙalami daga baƙo sannan ya nufi manomi. Idan azahar ta wuce bai ga haske ba, zai sallama a uwar kuɗi, ko ma da 'yar faɗuwa, ya huta. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ce ya yi garaje. Shi kuwa ya san faɗuwar dubu biyu yau ta fi ta dubu 15 ranar kasuwa mai zuwa sauƙi.

A taƙaice alƙibla ba ta gaya masa abin da farashi zai yi daga hantsi zuwa la'asar. A wata mai hawa ma akwai ranar da kasuwa ke faɗuwa, don kawai ƙauyuka uku sun fito da kaya rana ɗaya. Abin da take gaya masa shi ne yawan kayan da zai ɗauka da saurin da zai saki.

Riɗi ya fi doya nuna wannan, domin farashinsa ba a Adogi ake yanke shi ba, ba kuma a Lafiya ko Doma ba. Nasarawa na cikin jihohin da suka fi noman riɗi a ƙasar nan tare da Jigawa da Binuwai, kuma mafi yawansa waje ake fita da shi, zuwa ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya. Dala ce ke sayensa. Saboda haka wanda ke auna riɗi da mudu a ƙauye, ko ya sani ko bai sani ba, ɗan canji ne.

Mu tuna abin da ya faru. A ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, makonni biyu bayan an cire tallafin fetur. Dalar da ake lissafawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 nan take, ta ci gaba da hawa. Zuwa ƙarshen Fabrairun 2024 ta kusa naira 1,900 a hannun 'yan canji. Wata takwas ana abu ɗaya. Duk wanda ya sayi dala ko riɗi ya ajiye ya ci riba, har mutane suka daina ɗaukar abin a matsayin ciniki, suka ɗauke shi kamar fitowar rana. Sai gwamnati ta waiwayo. Aka toshe Binance aka tsare jami'ansa biyu, Babban Banki ya ƙara kuɗin ruwa da maki huɗu a zama ɗaya, a farkon Maris ya soke lasisin kamfanonin canji sama da dubu huɗu, sannan ya shiga sayar wa waɗanda suka rage dala a farashi mai sauƙi. Kafin tsakiyar Afrilu dala ta dawo wajen naira 1,100. Wanda ya saya a 1,800 yana jiran 2,000 ya ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na jarinsa ya narke cikin mako bakwai. Wanda kuma ya firgita ya sayar a 1,100, bai gama jimami ba ta sake komawa wajen 1,500 a watan Mayu.

'Yan uwanmu masu canji a Legas da Sabo sun san wannan zafi fiye da kowa. Ka tambaye su wa ya tsira. Waɗanda suka tsira su ne masu cin ɗan bambancin da ke tsakanin saye da sayarwa, su rufe littafi da yamma. Ko dala na hawa ko tana sauka suna samun na cefane. Waɗanda suka ji jiki su ne waɗanda hawan wata takwas ya ruɗa, suka bar sana'ar juyawa suka koma ajiya.

A nan nake ganin haɗarin alƙibla yake, kuma ba a cika faɗinsa ba. Idan ta daɗe tana tafiya gefe guda, takan sauya wa mutum sana'a bai sani ba.

Hatsi ya nuna mana haka a fili. Daga tsakiyar 2023 zuwa tsakiyar 2024 babu abin da bai yi tsada ba: masara, dawa, shanshera, wake, agushi. A Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. An rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, man gas da manyan motoci ke sha ya yi tashin gwauron zabi, ga rashin tsaro ya hana noma a wurare da dama. A irin wannan yanayi kowa gwani ne. Ɗan baranda ya duba ya ga buhun da ya sayar jiya da ribar dubu ɗaya, yau an ƙara masa dubu biyar. Sai ya ce me ya kai ni saki? Ya kama ɗaki ya fara tarawa. Malamin makaranta ya shigo, ma'aikacin ƙaramar hukuma ya shigo, mu ma nan Kudu mutane da yawa sun tura kuɗi gida a saya musu a ajiye. Wasu da kuɗin adashe, wasu da bashi.

A kakar 2024 aka yi sayen ajiya mai yawa a farashi mai tsada, da lissafin cewa bazara za ta maimaita abin da ta yi. Amma tun a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. Tsadar da aka sha ta sa manoma sun faɗaɗa gonaki. Naira ta ɗan samu natsuwa a 2025. Abubuwan da suka ɗaga farashi suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, masu ajiya kuwa suna nan suna jiran bazara. Bazara ta zo, farashi bai tashi ba, sai ma sauka. Zuwa kakar 2025 buhun masara a kasuwanni da yawa bai kai rabin kuɗin da ya kai a tsakiyar 2024 ba. Kowannenmu ya san wani da wannan abu ya karya.

Ruwa ba ya tsami banza. Farashi ba ya hawa don ya saba hawa, akwai abin da ke tura shi. Wanda ya san abin da ke turawar zai gane ranar da ya daina, ko da farashin bai riga ya juya ba. Wanda farashin kawai yake kallo sai ya juya zai sani, lokacin kuwa kowa ya sani, kowa na neman mai saye.

Akwai kuma abin da yake kama da alƙibla alhali ba ita ba ce. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu. Cikin kwana biyu tumatir da albasa suka yi wuta a nan, a Arewa kuma suka zube har ana rasa mai ɗauka. Wanda ya ga hawan ya ɗauka dorewa zai yi, ya sayi kaya da tsada, bai yi mako ba aka janye yajin, motoci suka sauko a jere. Haka a Oktoban 2022, da ruwa ya shanye hanya a Koton Karfe motoci suka yi kwanaki a tsaye. Haka a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da manomi a ƙauye ke sayar da kaya da araha ga duk mai tsabar kuɗi a hannu saboda ba ya karɓar tiransifa. Duk waɗannan sun motsa farashi da ƙarfi, amma motsi ne na toshewar hanya. Da an buɗe, sai ya koma. Ɗan barandan da ke Adogi yana iya bambance su saboda yana ganin dalilin da idonsa: ya san ko doya ce ta ƙare a gona, ko mota ce kawai ba ta iso ba.

To, mu dawo kan yaronmu mai waya.

Abin da yake gani a manhaja layi ne da kyandirori ja da kore. An koya masa ya duba matsakaicin farashi na kwana 50 ko 200, in layin gajere ya haura na dogo to kasuwa ta fuskanci sama. Wannan ba ƙarya ba ne. Amma matsakaici lissafin abin da ya riga ya wuce ne, kamar ka tambayi ɗan dako nawa aka sayar da doya makon jiya. Kafin layi ya tabbatar maka an fara hawa, an yi nisa da hawan. Sannan layin da yake gani, shi mutum miliyan nawa ke gani a daidai wannan daƙiƙa, cikinsu har da manyan bankuna da kwamfutocin da ke saye da sayarwa kafin ƙiftawar ido. Ɗan baranda yana da abin da baƙo daga Anacha ba shi da shi: ya san manoman, ya san ƙauyen da bai fara haƙa ba, ya san direban da ya ƙosa. Da wannan ɗan fifiko yake ci. Yaronmu wane fifiko yake da shi a kan wanda ke ɗaya gefen cinikinsa? Bai ma san ko wane ne ba.

Na biyu, kuɗin shiga da fita. Kamar yadda 'yan dako da la'ada suka cinye dubu uku cikin takwas a misalinmu, haka kowane ciniki a waya yake da nasa: bambancin farashin saye da na sayarwa, kamasho, da kuɗin mayar da naira dala da dawo da ita. Wanda ke shiga sau goma a yini sau goma yake biya, ko ya ci ko bai ci ba.

Na uku shi ne mafi muni, wato rancen da manhajar ke ba shi. Da dala 100 sai a ba shi damar juya dala dubu 10. Ana nuna masa abin a matsayin gata. Lissafin kuwa a fili yake: idan kasuwa ta motsa kashi ɗaya kacal cikin ɗari saɓanin inda ya sa rai, jarinsa ya ƙare, manhajar ta rufe cinikin da kanta. Kuma motsin kashi ɗaya a yini ba komai ba ne, a kirifto ma kafin ka gama shan shayi an yi shi. Ka ga ke nan yana iya yin daidai a kan alƙibla, kasuwar ta hau ɗin kamar yadda ya ce zuwa ƙarshen mako, amma shi tun ranar Talata an share shi. Ɗan baranda in kaya suka yi masa kwantai, doyarsa na nan, ko ba komai iyali za su ci sakwara. Wannan babu abin da zai ɗauka ya kai gida. Ban da haka ma malamai sun daɗe suna magana a kan irin wannan rance da kuɗin ruwan da ake cirewa idan ciniki ya kwana a buɗe, wanda duk mai shiga ya kamata ya tambaya tukuna.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. A ƙasashen da ake ajiye lissafin kowane mai ciniki an bi diddigi. A Brazil wasu masana tattalin arziki sun bibiyi mutanen da suka shiga cinikin yini guda suka dage fiye da kwana 300 suna yi, suka samu kashi 97 cikin ɗari asara suka yi. Ka lura, waɗannan masu naci ne, ba waɗanda suka gwada mako biyu suka gudu ba. A Indiya hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta fitar da rahoto a Yulin 2024 cewa bakwai cikin kowane mutum goma masu irin wannan ciniki faɗuwa suka yi a shekarar da aka duba. A Turai tun 2018 aka tilasta wa kamfanonin da ke ba da irin wannan rance su riƙa rubuta yawan abokan cinikinsu da ke asara, bayan hukuma ta gano adadin yana tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari. 

Mu ma mun ga namu. Pi, wadda samarin Arewa suka shekara da shekaru suna dannawa, ta shiga kasuwa ranar 20 ga Fabrairun 2025. Cikin mako guda ta kusa dala uku. Wanda ya duba layi a ranar zai rantse alƙibla sama take, wasu ma suka ƙara da kuɗin aljihunsu. Kafin ƙarshen Maris ta faɗo ƙasa da dala ɗaya. Dalilin bai fi na doyar Nuwamba wuyar ganewa ba: miliyoyin mutane na riƙe da kaya, kowa na jiran ya sayar, kuma kullum ana sakin ƙari. Ɗan baranda da aka yi wa bayanin nan da harshen kasuwa da ba zai taya ba.

Ban sa CBEX a wannan lissafi ba, wadda ta rufe da kuɗin mutane a Afrilun 2025, domin wannan ba ciniki ba ne tun asali, MMM ce ta 2016 ta sake riga. Sai dai abin lura, da maganar tiredin ta ja mutane, wai na'ura ce ke karanta kasuwa tana ba da sigina. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta sa kirifto a ƙarƙashin hukumar SEC, ta kuma tanadi ɗauri ga masu irin wannan damfara. Ko ba komai, yanzu akwai wurin da mutum zai duba ko kamfani na da rajista kafin ya tura kuɗi.

Kada a ɗauka ina cewa alƙibla ba ta da amfani. Wanda ya yi gaba da ita a cinikin yini, kamar mai tuƙa kwalekwale ne yana fuskantar ruwan Binuwai a watan Satumba. Gara a bi ta. Amma bin ta shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake bukata, kamar sanin cewa doya na araha da kaka. Kowa ya sani, don haka babu wanda zai biya ka don ka sani.

Mu kuma da ke karɓar kaya a Kudu, matsayinmu ya fi na ɗan baranda wuya, kuma ya kamata mu riƙa tuna haka. Shi yana shiga da safe ya fita da yamma. Mu daga lokacin da aka ɗaure tamfol a Adogi zuwa lokacin da za a sauke a Legas, kwana biyu ne ko uku idan hanya ta yi kyau, kuma a tsawon wannan lokaci kayan namu ne, farashi na motsi ba mu da ikon saki. Ga kuɗin mota, ga shingaye, ga kuɗin ƙofa da aka fara karɓa a hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafiya da Makurɗi tun Fabrairun 2025. Saboda haka agogon shekara da na kasuwar nesa sun fi nauyi a kanmu. Lokacin da kasuwa ke sauka, mota ɗaya da aka haɗa hannu mutum uku aka cika ta fi mota uku ta mutum ɗaya, kuma gara a saya da sunan wanda ya riga ya yi oda. Lokacin da take hawa ne mutum zai iya sakin jiki, shi ma da sharaɗin ya san abin da ke ɗaga ta.

Ga masu riɗi, abin dubawa ya wuce canjin dala. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya taɓa ɗaya daga cikin manyan masu fitar da riɗi a duniya, a Nuwamban 2024 kuma Sin ta buɗe wa riɗin Brazil ƙofa, wato an samu sabon mai kawo kaya a kasuwar babban mai saye. Waɗannan su ne ke yanke abin da kamfanonin Kano da Legas za su gaya wa wakilansu su taya, su kuma wakilan su gaya wa masu auna mudu a Doma da Adogi. Ga masu masara da shanshera, a sa ido kan ko gwamnati za ta sake buɗe ƙofar shigo da hatsi, da kuma ko manoman da suka faɗi a 2025, ga tsadar taki, za su rage gona. Idan sun rage, rumbuna za su yi sauƙi, kuma za a fara jin haka a bakin manoma a ƙauye watanni kafin ya bayyana a farashin Mile 12. Wanda ke da mutum a Adogi, gobe da asuba in ya kira, bayan ya tambayi nawa ƙwarya ta kwana, ya ƙara da tambayar kadada nawa maƙwabta suka ce za su noma bana.